Wa ya tuna sunan shirin gasar nan na talabijin mai "na ba ka gari"?

Ɗan_Fagge78:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Manya don Allah a agaza mini, wani abu ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Yarana ne suke kallon wata gasar tambayoyi a waya, na ce musu ai mu ma mun kalli irinta a talabijin muna yara, kuma da Hausa tsantsa. Babbar ta ce, "Abba, ya sunan shirin?" Na buɗe baki, suna ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Ga abin da ya rage mini a ka. Da yamma ake sa shi, tsakanin la'asar da magariba, ba a daɗe da buɗe tasha ba. Mutum uku ko huɗu a bayan dogon tebur, kowa da 'yar ƙararrawa a gabansa, irin wadda ake dannawa da tafin hannu. Mai gabatarwa da babbar riga, yana karanto tambayoyi daga kati. Akwai zagayen kacici-kacici, akwai na ƙarasa karin magana, sai na sanin ƙasa. Wanda kacici-kacici ya gagara sai ya ce "na ba ka gari", mai gabatarwa ya ce wanne, in aka ba shi ƙauye ya ce a kai kasuwa. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi turmin atamfa da katan ɗin sabulu. Labulen bayansu kore ne shar. A Kano muke, cikin shekarun 1980. NTA ce ko CTV, nan ma kaina ya kulle. Wa ya tuna?

MamanIlham:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, ka mayar da ni tsakar gidanmu na Yakasai. Na san shirin nan sarai. Ranar Alhamis ake yin sa, don ranar babu makarantar allo, shi ya sa muke samun kallo. Kafin a fara akwai kiɗan kalangu. Sunan kuwa yana bakina wallahi, bari in sauke tukunya in dawo.

Abba_Kurna:
Ba wannan na Frank Edoho ba ne, wanda ake kiran aboki a waya ya taimaka?

Malam_Sagir:
@Abba_Kurna ɗana, shekararka nawa? Who Wants to Be a Millionaire a 2004 aka fara shi a Najeriya, da Turanci ake yi, MTN ce ta ɗauki nauyinsa a lokacin, kuma tsarin ma ba namu ba ne, daga Ingila aka sayo shi. Babbar kyautarsa a lokacin naira miliyan 10 ce, wadda Aroma Ufodike ya cinye a 2009. Mai tambaya yana zancen atamfa da sabulu, kai ka tafi miliyoyi. A shekarun 1980 da wace waya za ka kira aboki? Gidan da ke da tarho a unguwa da yatsa ake nuna shi.

Abba_Kurna:
Tuba nake Malam, a 2001 aka haife ni. Na koma gefe na zama ɗan kallo.

Bazazzagi_Na_Asali:
Kanawa ku daina wahalar da kanku. Shirin nan a Kaduna aka yi shi, ku kaset aka aiko muku kuka kalla. Talabijin a Arewa daga Kaduna ta fara, a 1962, ƙarƙashin BCNN, kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, ana ce mata RKTV. Lokacin ku ko eriya ba ku taɓa gani ba. Sunansa in ban manta ba "Wasa Ƙwaƙwalwa".

Ɗan_Fagge78:
Na san ba za a rasa Bazazzagi a nan ba. To Kaduna ma ai ba Zariya ba ce, me ya kawo ka cikin rabon? Amma "Wasa Ƙwaƙwalwa" ɗin nan ya ɗan taɓa ni.

Malam_Sagir:
Dole ya taɓa ka, don duk shirin da aka yi tambaya a cikinsa haka mutane ke kiransa, ko a rediyo ko a talabijin ko a shafin yara na jarida. Kamar ka ce sunan mai shayin unguwarku Mai Shayi ne. Ba ƙarya ka yi ba, amma ba ka faɗi komai ba.

Yaya_Sabo:
Kai ƙanena, tsaya. Yanzu aka turo mini wannan zance. Wane labule ne kore shar? Talabijin ɗin gidanmu mara launi ce, baƙi da fari, mai ƙofar katako da Baba yake kullewa da makulli in zai tafi kasuwa. Sai 1988 aka sayi mai launi, shekarar da aka yi bikin Anti. A ina ka ga kore?

MamanIlham:
Hhhh yaya ya zo da gyara.

Ɗan_Fagge78:
Yaya, wallahi ina ganin koren nan a idona har yanzu. Sai dai ko a gidan Alhajin kan kwana na gani, inda muke cika zaure har a riƙa korar marasa wanka. Tasu ai mai launi ce tun da wuri.

Yaya_Sabo:
Wannan kuma zai yiwu. Ka fi zama a can a kan gida.

Malama_Mai_Tarihi:
Sallama gare ku. Ni malamar tarihi ce a sakandare, kuma shawarata a bar neman suna tukuna, a fara kama shekara. Gasar tambayoyi ita ke tona shekarunta da kanta, saboda amsoshin sanin ƙasa suna tsufa. In ka tuna an tambayi yawan jihohi aka ce 12, to kafin Fabrairun 1976 ne. In 19 ne, tsakanin 1976 da Satumbar 1987. In 21 ne, bayan an fitar da Katsina da Akwa Ibom ke nan, zuwa 1991 da aka koma 30 aka samu su Jigawa da Kebbi da Yobe. Haka kuɗin kyauta: in fam da sule aka bayar, kafin 1973 ne. In ka ga an miƙa takardar naira 20 mai hoton Murtala, to daga 1977 ne zuwa sama. Babban birnin ƙasa ma in aka ce Legas aka ba mutum maki, kafin Disambar 1991 ne.

Don haka Malam Ɗan_Fagge, rufe ido ka lalubo mana tambaya ɗaya tak daga zagayen sanin ƙasar.

Ɗan_Fagge78:
Malama Allah ya ƙara basira. Akwai ɗaya da ba na mantawa saboda dariyar da aka yi. An tambayi wani dattijo, Daura a wace jiha take? Ya ce jihar Daura. Aka yi ta dariya, na kusa da shi ya danna ƙararrawa ya ce Kaduna, aka ba shi maki.

Malama_Mai_Tarihi:
Madalla. Ka ga mun samu katanga ɗaya: kafin Satumbar 1987 ne, don daga nan Daura ta koma jihar Katsina. Ke nan kafin a sayi mai launi a gidanku. Maganar yayanka ta zauna, koren labule a maƙwabta ka gan shi, in dai akwai shi.

Bazazzagi_Na_Asali:
Kun ji ko? Amsar ma Kaduna ce. Me kuke nema kuma?

Tsohon_Injiniya:
Na daɗe ina karanta ku ina murmushi. Na yi aiki shekaru masu yawa a ɗakin injina na wata tashar talabijin a Arewa, ba zan kama suna ba, har na yi ritaya. Bari in ba ku abin da na sani, wani zai yi daɗi wani ba zai yi ba.

Na farko, hanyar raba NTA da CTV. Gwamnatin tarayya ta karɓe duk tashoshin talabijin na jihohi ta haɗa su wuri ɗaya, dokar kafa NTA ta fito a 1977, a farkon haɗewar kuma NTV ake kiran tashoshin, shi ya sa tsofaffi har yanzu wasu ke cewa NTV Kano, NTV Kaduna. Da mulkin farar hula ya dawo a 1979 sai jihohi suka sake samun damar buɗe nasu, amma a zangon UHF, don NTA ta riga ta zauna a kan VHF. CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV, a lamba 67 take, shi ya sa ake cewa CTV 67. Tsofaffin akwatuna da yawa maɓallin juyawa ɗaya gare su, daga 2 zuwa 12, ba su san wata 67 ba. Wanda ke da na biyun ma sai ya sayi wata eriya daban ya ɗaura a kan gora. To Yaya_Sabo, akwatin Baba maɓalli nawa gare ta?

Na biyu, ga mara daɗin. Kada kowa ya sa rai zai je tasha a ɗauko masa kaset ɗin shirin nan daga kan kanta. Da yawan irin waɗannan shirye-shirye kai tsaye muke watsa su, babu abin da aka naɗa. Waɗanda aka naɗa kuma a kan U-matic ne, wani ƙaton kaset na Sony da ya fi na bidiyon gida girma, babban cikinsu awa ɗaya yake ɗauka. Daga waje ake sayo su. Da aka shigo da SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, a 1986 naira ta faɗi, sabon kaset ya zama sai wane da wane. Mai kula da sito ba zai ba furodusa kaset ba sai ya dawo da na makon jiya. Akwai wani inji mai maganaɗisu, ka ɗora kaset a kai, kafin ka ƙirga goma ya koma fari fat, a sake naɗar wani abu.

Kuma in za a zaɓi abin da za a goge, gasar tambayoyi ce a gaba. Jawabin gwamna ba mai taɓa shi. Wasan kwaikwayo ana iya maimaitawa ko a yi musaya da wata tasha. Tafsiri ana ajiyewa saboda azumi mai zuwa. Amma gasa? An riga an ji amsa, an san wanda ya ci, wa zai sake kallo? Haka muke tunani a lokacin. Da hannuna na goge irinsu ba adadi, ina sauri in tafi masallaci. Yau ga shi jikokina suna tambayata me muka yi a wurin aiki, ba ni da abin nunawa.

Yaya_Sabo:
Ranka ya daɗe, maɓalli ɗaya ne, mai ƙara ƙat-ƙat in ana juya shi. Daga baya ma ya karye muka koma juyawa da filaya.

Tsohon_Injiniya:
To a gidanku NTA kaɗai kuke kamawa. In a gida ya kalla, magana ta ƙare. Amma shi ya ce a gidan Alhaji ne, mai launi, wadda wataƙila tana kama duka biyun. Kun ga mun dawo inda muka taso.

MamanIlham:
Baba Injiniya wannan bayani ya sa jikina ya yi sanyi. Wato duk mutanen nan da muka gani, babu ko hotonsu? Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Na sauke tukunyar kuma sunan bai zo ba.

Hajiya_Yar_Kwana:
Ni fa na taɓa shiga irin wannan gasa da kaina, a 1985, ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana. Amma tamu ta makarantu ce, ba ta manya ba, kuma rabi Turanci rabi Hausa. Mu uku aka zaɓa. Sati biyu ana tsare mu bayan sallar isha muna haddar manyan biranen duniya da sunayen gwamnoni. Ranar tafiya aka ba mu aron sababbin hijabai daga sito, aka zuba mu a bayan motar makaranta da malamin Hausa.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne zafin fitilun nan. Ɗakin kamar gidan burodi. Ga wani mutum a bayan kyamara yana ta yi mana alama da hannu mu ɗaga kai, mu kuma an koya mana sunkuyar da kai a gaban manya. Mun yi kunnen doki da makarantar maza har zagayen ƙarshe, sai aka zo karin magana. Aka ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau..." Na yi wuf na ce, "Dala ba zai hango ba." Haka kakata take faɗa tun ina goye. Mai gabatarwa ya duba kati ya ce a'a. Yaron can ya ce rimi, aka ba su. Agogon bango suka tafi da shi, mu aka ba mu dozin ɗin littafin rubutu. Na yi kuka tun daga tasha har makaranta. Shekara arba'in ke nan, kuma har gobe ina nan a kan cewa amsata daidai ce, Dala ai ta fi rimi tsawo.

Malam_Sagir:
Hajiya, in dai a CTV aka yi, ai dole amsa ta zama rimi. A gidan Rimi kika je kina kiran Dala.

Hajiya_Yar_Kwana:
Hhhh Malam ban faɗi tasha ba, kada ka ja mini. Amma ku lura, mu ma ƙararrawar tebur aka ba mu, irin wadda Ɗan_Fagge ya kwatanta. Ina jin tasha ɗaya ƙararrawa ɗaya gare ta, kowane shiri ita ake ɗaukowa.

Tsohon_Injiniya:
Hajiya kin harbo daidai. Tebur ɗaya, labule ɗaya, kujeru shida. Da safe a yi shirin noma a gabansu, da yamma a juya tebur a yi gasa. Don haka labule da ƙararrawa ba za su raba muku shiri da shiri ba.

Abba_Kurna:
Don Allah a yi mini bayanin "na ba ka gari" ɗin nan. Wane gari ake bayarwa, kuma na wa?

MamanIlham:
Innalillahi, yaran yanzu. Abba, in aka yi maka kacici-kacici ka kasa, ba za a gaya maka amsa a banza ba, sai ka biya da gari. Ka ce na ba ka Wudil, mai tambaya ya ce ba ya so, ka ce na ba ka Kano, ya ce ya karɓa, ya shiga ya ci daɗinsa, sannan ya faɗi amsa. Bari in gwada ka: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya.

Abba_Kurna:
Na ba ki Dubai, Mama.

MamanIlham:
Na karɓa da hannu biyu. Tsintsiya ce. Ga wani: rawanin Baba ya faskari naɗewa.

Bazazzagi_Na_Asali:
Hanya. Ku kawo masu wuya. Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba.

Yaya_Sabo:
Yunwa, wadda ta koro Zage-zagi zuwa Kano. Baba na ɗaka gemu na waje fa?

Hajiya_Yar_Kwana:
Wuta da hayaƙi. A gasarmu har karya harshe aka sa, a ce ka maimaita sau uku ba tuntuɓe: da ƙato da kwaɗo suka je ƙoto, ƙato ya yi ƙoto kwaɗo ya yi ƙoto, ƙato ne zai ƙwace ƙoton kwaɗo ko kwaɗo ne zai ƙwace ƙoton ƙato. Wata 'yar ajinmu a nan ta rushe da dariya aka tsayar da ɗauka.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Maraɗi mun sha kallon tele ɗinku in dare ya yi iska ta kwanta, sai a juya eriya kudu. Na tuna wata gasa da Hausa da ake ba mutane atamfa, tsohuwarmu tana cewa ku dubi Najeriya, mutum ya amsa magana ukku an ba shi zane. Amma hoton ba launi yake zo muna ba, wani lokaci kuma muryar sai shuuu. Mu namu tele da lakwal ya fara tun 1964, yara na zaune cikin aji ana koya masu da shi, kafin a zo ga Télé Sahel. Abin da ya fi tara mutane gaban tele wurinmu kokowa ce ta takobi, ba tambayoyi ba.

Tsohon_Injiniya:
Ɗan_Maraɗi, dalilin rashin launin shi ne tsarinmu ba ɗaya ba ne. Najeriya PAL take amfani da shi, Nijar kuma SECAM irin na Faransa, hatta inda murya ke zama a cikin zangon ya bambanta. Sai mai akwatin da ke cin tsari biyu yake samun duka. Mutanen Katsina da Illela ma haka suke fama in suna son kallon kokowarku. Af, tun da ana maganar launi, Jos ce ta fara watsa shiri mai launi a ƙasar nan, a 1975, ba Legas ba, ba Kaduna ba. Bazazzagi a rubuta wannan.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Gana namu ba su ɓace haka ba, don wasu har yanzu ana yi. Gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare tun 1993 aka fara, Farfesa Ewurama Addy ce ta fara yin tambayoyin, kuma har yau mutane na ce mata Brilla saboda sabulun da ya ɗauki nauyinta da farko. Akwai kuma Agoro na David Dontoh a GTV, da yaren Akan, ana tambayoyin al'ada da karin magana ana ba da kyauta. Da na karanta bayanin Ɗan_Fagge shi ya faɗo mini a rai. Mu yaran zango muna kallo muna cewa ina ma a yi irinsa da Hausa, ashe ku kun yi har kun manta sunan.

Ku duba wajen kamfanin sabulun. Mutane sukan manta sunan shiri su riƙe sunan mai ba da kyauta.

Ɗan_Fagge78:
Wannan shawara ce. Sai dai katan ɗin da nake gani a ido ba rubutu a jikinsa. Atamfar dai na san ta masaƙun Kaduna ce, don mai gabatarwa yakan ɗaga ta ya ce 'yar gida ce.

Bazazzagi_Na_Asali:
Atamfa ta Kaduna, amsa Kaduna. Ni dai na yi shiru.

Basakkwace_Ɗan_Shehu:
Ku Kanawa da Zage-zagi kuna ta jayayya bisa abin da kowa na da nashi. Mu ma Sakkwato mun yi irin wanga shiri, kuma ba daga Kano ko Kaduna anka kawo muna shi ba, mutanenmu munka gani ciki, da harshenmu. Wanda ni sani har da waƙa akwai, a jawo baiti a ce wane makaɗi yay yi ta, wa anka yi ma. Kowace tasha tana da awowin da za ta cika da shirin gida kahin a haɗa da Legas a yi labarun ƙarhe tara. Mi ya hi sauƙi? Tebur, mutum huɗu, malamin Hausa guda ya rubuto tambayoyi. Don haka ina ga ba shiri guda kuke nema ba, kowa nashi yake tunawa yana ɗauka na kowa ne.

Mai_Gida_Admin:
Jama'a zaren ya yi daɗi amma mun bar mai tambaya a tsaye. Abin da aka samu zuwa yanzu: kafin Satumbar 1987, da yamma, wataƙila Alhamis. A ci gaba, a kuma rage tsokanar Zage-zagi, su ma mutane ne.

Ɗalibin_Bincike:
Ina digiri na biyu a fannin aikin jarida, kuma na taɓa bin sawun wani tsohon shirin rediyo, don haka ga inda na ga ana dacewa. Kaset ya tafi, amma takarda tana nan. Jaridun wancan lokaci suna buga jadawalin shirye-shiryen rediyo da talabijin, awa bayan awa. A nemi New Nigerian ta Kaduna da Triumph ta Kano na tsakanin 1982 da 1987, a duba shafin ranar Alhamis, daga buɗe tasha zuwa magariba. Shirye-shiryen Hausa a wannan tsakanin ba su da yawa, suna zai fito da kansa. Gidan Arewa a Kaduna da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke can suna da ɗaurarrun tsofaffin jaridu, haka manyan ɗakunan karatu na jami'o'i. Aikin wuni ɗaya ne ga mai haƙuri da ƙura.

Kuma kada a yanke ƙauna gaba ɗaya a kan hoto. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fina-finai a Legas, aka gyara shi har aka nuna a Berlin a 2018. Akwai kuma ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos.

Tsohon_Injiniya:
Ɗalibi, maganar jarida na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta fim kuma akwai bambanci. Shi fim ba a goge shi a sake ɗauka a kai, in ba wuta ko ruwa ko ruɓewa ba yana nan. Kaset kuwa mu da kanmu muka cinye shi. Inda na fi sa rai shi ne gidajen mutane. Masu hali da suka sayi bidiyo a shekarun nan suna naɗar abin da ake yi a talabijin, musamman in ɗansu ko matarsu za ta fito.

Ɗan_Fagge78:
Na dawo. Na je gaida Hajiyarmu da daddare na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce na haɗa biyu ne. Wai mai "na ba ka gari" a rediyo ake yin sa, tana ji tana tankaɗe ni ina gindinta, mai ƙararrawa da atamfa kuma shi ne na talabijin. Na ce to sunansu fa? Ta ce ita "shirin mutumin nan mai dariya" take ce masa. Yanzu ban san ko shiri ɗaya nake nema ko biyu ba.

MamanIlham:
A gaida Hajiya, amma ni ban yarda ba. Da idona na ga mutumin yana karɓar gari. Har in aka ba shi babban gari yakan gyara zaman hularsa ya ce ya zama sarki. A rediyo zan ga hula?

Yaya_Sabo:
Shi ma ai ya ga kore a baƙi da fari.

Ummi_Gwammaja:
Tun farko nake bin zaren nan ban yi magana ba. Maganar Baba Injiniya ce ta sa na je na jawo akwatin marigayi mahaifinmu daga ƙarƙashin gado. Kaset ɗin bidiyo 14 ne a ciki. Yawanci an rubuta biki ko suna ko tafsiri. Guda ɗaya an rubuta da jan biro, "Alhamis, kar a goge", babu shekara babu komai. Mahaifiyarmu ta ce ƙanin Baba ya taɓa fitowa a talabijin ya ciwo zane, amma ba ta san ko shi ne a ciki ba. Akwai wani fari-fari a jikin zaren ta cikin gilashin. Ba mu da injin kunnawa.

Tsohon_Injiniya:
'Yata, kada ki bari kowa ya zura shi a inji. Farin nan funfuna ce, in aka kunna haka zaren zai manne ya tsinke, ya kuma ɓata kan injin. Kada a sa shi a rana, kada a goge da ruwa ko fetur. Ki raba shi da sauran, ki tsayar da shi a tsaye kamar littafi a wuri busasshe. Sai an buɗe an share zaren a hankali tukuna, kuma kunnawar farko ita ce za a ɗauka zuwa kwamfuta, don ba lallai ya jure ta biyu ba. Ina da tsohon inji da nake lallaɓawa. Ki yi wa admin magana ya haɗa mu.

Ɗan_Fagge78:
Ranka ya daɗe ni zan ɗauki nauyin kai kaset ɗin da dawo da shi, ranar Asabar in Allah ya kai mu, in Malama Ummi ta amince. Ɗalibi, kai kuma in ka shiga Kaduna a duba mana jaridun nan, kuɗin mota a wuyana.

Ummi_Gwammaja:
Na amince, amma fa kada a ga laifina in aka kunna aka tarar da kamun amarya.

Yaya_Sabo:
Zan raka ka. In labulen ya fito ba kore ba, kai za ka sayi man mota har da tsire.

Bazazzagi_Na_Asali:
In kun ga tambarin Kaduna a farkon kaset ɗin, don Allah a ɗauko hotonsa a kawo nan kafin Bakano ya sa yatsa ya rufe.